DARASI A KAN TACE FINA-FINAI DA SHARAƊIN ADALCI

Darasinmu na yau a kan tace fina-finai ne, watau yadda hukuma ke duba fim kafin ya fito, ta ce wannan yara na iya gani, wancan sai baligai, wancan kuwa ba zai fito ba sam.

Ya ku samarin Ikara da Maƙarfi da Kudan, mu dai a Jihar Kaduna muke, amma galibin fim ɗin Hausa da ke cikin wayoyinku daga Kano ya fito. Akwai hukumar tacewa ta tarayya, wadda aka kafa a 1993, ita ce mai sa lambar shekaru, 12 ko 15 ko 18. Akwai kuma ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000.

Tacewa kam ba mu da ja a kanta, don hana ɓarna aikin hukuma ne. Sai dai ku gane, mai tacewa alƙali ne. Hukuncinsa na taɓa dukiyar mutum da mutuncinsa, wani lokaci har ya kai shi kurkuku. To, sharaɗin da ke kan alƙali yana kansa: ƙa'ida ta zama a fili, a ji ta bakin wanda ake tuhuma, kuma ba sani ba sabo.

Ku dubi Amurka. Tun 1968 manyan kamfanonin fim ne da kansu suka kafa kwamitin sa lamba, ba gwamnati ba, kuma suka ɓoye sunayen mafi yawan 'yan kwamitin, wai don kada a matsa musu. A 2006 wani mai shirya fim, Kirby Dick, sai da ya ɗauki masu binciken asiri kafin ya gano su waye. Zarginsa shi ne, ana sassauta wa manyan kamfanoni, a tsananta wa ƙanana. Ina adalci ga wanda bai san alƙalinsa ba? Saboda haka in ka ga lamba 13 a fim ɗinsu, mudunsu ne, ba naka ba.

Mu dawo gida, don nan ne abin ya fi shafarmu. A 2007 wani faifan batsa na wata 'yar fim ya ɓulla, gari ya ɗauki zafi. Gwamna Ibrahim Shekarau ya naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar Kano, aka dakatar da shirya fim, kotun tafi-da-gidanka ta shiga aiki. Aka ɗaure Adam A. Zango a 2007, aka ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro a 2008. A ƙarshen 2008 kuma aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama kan fim ɗinsa Tsintsiya, alhali yana cewa hukumar tarayya ta tace shi, kuma bai sake shi a Kano ba. A 2009 babbar kotu ta soke wannan hukunci.

To, me aka ci? 'Yan fim da yawa suka tattara kayansu, suka bi hanyar nan da ta ratsa Tashar Yari, suka tare a Kaduna, inda hannun hukumar Kano ba ya kaiwa. Fim bai tsaya ba. Abin da ya fi ciwo, mutanen da da can ke kukan ɓarnar fim sai suka koma tausayin 'yan fim, masu neman abin faɗa a kan Shari'a kuma suka samu. Ni a ganina wannan hasarar ta fi ta fim ɗin girma. Ku koma Suratul Ma'ida, aya ta 8, ku karanta da tafsirinta: ƙin mutane bai halatta a zalunce su ba, ko da kuwa aikinsu abin ƙi ne. Kada zafin kishi ya sa ka yi tafi don an kama wanda ba ka so, ba ka ko tambayi wace doka ya karya ba.

A watan Mayu na 2025 hukumar Kano, a ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa. Wannan karon ta jera sunayensu, ta faɗi dalili: ba a kawo mata ta duba kafin a sake su ba. Wanda abin ya shafa ya san laifin da ake tuhumarsa, ya san ƙofar da zai bi.

Amma fa YouTube ba ruwanta da iyakar jiha, kuma mai tura fim a waya ran kasuwar Maƙarfi ba ya tambayar shekarun yaro, kuɗinsa kawai zai karɓa. Kenan tacewar ta dawo zauren gidanku. In za ka karɓe wayar ƙanenka, gaya masa abin da ka gani da dalilin hani, ka bar shi ya yi bayani, kuma kada ka tona shi a gaban abokansa. In ya ce ai kai ma kana kallon irinsa, miƙa masa taka wayar ya duba.