Mai gida da baƙo a igiyar USB

An fara aiki da igiyar USB a shekarar 1996. Da ita ake haɗa salula da kwamfuta. Idan aka haɗa na'ura biyu, ɗaya takan zama mai gida, ɗaya ta zama baƙo.

Mai gida shi ke ciyar da baƙo. Abincin kuwa wutar lantarki ce, mai ƙarfin bolt 5. Shi ne kuma ke fara magana. Baƙo ba ya cewa komi sai an tambaye shi.

A cikin igiyar USB ta da akwai siraran wayoyi 4. Ja da baƙa su ke ɗauko wuta. Fara da tsanwa su ke kai saƙo, kamar hoto ko waƙa. Wata igiyar mai araha wayoyi 2 kaɗai gare ta. Tana cika batir, amma ba ta kai hoto ko ɗaya.

Da farko kwamfuta kaɗai ke zama mai gida. A shekarar 2001 aka fito da wata dabara mai suna OTG. Da ita ƙaramar na'ura ma tana iya karɓar baƙo. Igiyar OTG ta kan sanar da salula cewa yau ita ce mai gida. Sai salula ta ba makullin USB wuta, ta karanta abin da ke cikinsa.

Amma rumbun salula ƙarami ne. Wutar da take ba baƙo daga batirinta take fita, shi ya sa yake saurin ƙarewa. Idan baƙon mai ci da yawa ne, kamar babban faifan ajiya, sai ya ƙi tashi, ko ya mutu ana cikin aiki. Hoton da ake kwafa a lokacin yana iya lalacewa. Maganin haka shi ne a ba baƙon wutarsa daban.

A shekarar 2014 aka fito da USB-C. Bakinta 2 iri ɗaya ne. Na'urorin su ke daidaitawa tsakaninsu wa zai ba da wuta. Don haka wata salular tana iya cika batirin ƴar'uwarta.

Tambayoyi
1. Waɗanne ayyuka 2 ne mai gida ke yi?
2. Don me wata igiya ba ta kai hoto?
3. Me ke samun batir idan salula ta zama mai gida?