DARASI: MAI AIKI DA NA'URA SHI MA YANA BUKATAR HUTU

SABON AIKI YA SHIGO DAMARGU

Wayar hannu ta shigo Nijar a shekarar 2001. Da farko a manyan birane take. Sannu a hankali ta kai Tanut, ta kai Belbeji, ta shiga ƙauyuka da rugagen kwarin Tarka.

A da, mai son aika saƙo Damagaram ko Agadas sai ya jira ranar kasuwa, ya ba direba wasiƙa. Yau manomi yana tambayar kuɗin tiyar hatsi yana zaune gindin aduwa. Makiyayi yana jin labarin inda ruwa ya sauka tun bai kora dabbobi ba. Wanda ya tafi ci-rani yana aiko wa iyalinsa kuɗi, su karɓa a ranar.

Waya ta taimaki karatu ma. A 2009 da 2010 ƙungiyar CRS ta yi wani shirin yaƙi da jahilci a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram. Sunan shirin ABC. A wasu cibiyoyi an koya wa ɗalibai aiki da waya, a wasu ba a koya ba. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi waya sun fi sauran a rubutu da lissafi.

Saboda haka waya da kwamfuta kayan aiki ne, kamar hauya da guga. Kuma sun kawo sababbin sana'o'i. Akwai mai aika kuɗi da biyan kuɗi. Akwai mai gyaran waya da mai yi mata caji. Akwai sakataren gidan magajin gari mai buga takardun haihuwa. Akwai masu kula da eriyar rezo. A Damagaram da Yamai kuma akwai masu rubuta wa kwamfuta umarnin da take bi. Da yawa cikin waɗannan ma'aikata ƴaƴan manoma da makiyaya ne.

AIKIN INUWA MA AIKI NE

Mutanen ƙauye sukan ce: "Wane ya huta, aikin inuwa yake yi." Gaskiya ne rana ba ta dukansa, ƙaya ba ta sukansa. Amma gajiya iri biyu ce. Akwai ta jiki, akwai ta kai. Manomi in ya taso daga gona ya ci tuwo, barci ya ɗauke shi nan da nan. Mai aikin na'ura yakan kwanta, jiki kwance, kai yana ta lissafi.

Ga inda wannan aiki yake cin mutum.

Ido. Mutum yana ƙifta ido wajen sau 15 a minti ɗaya. Ƙiftawa ce take jiƙa ido. In ya ƙura wa gilashin waya ko na kwamfuta ido, ƙiftawar takan ragu, ta koma rabi ko ƙasa da rabi. Sai ido ya bushe, ya yi ja, ya yi zafi. A nan Damargu ƙura da iskar hunturu suna ƙara wa abin ƙarfi.

Wuya da baya. Mai gyaran waya yana duƙe bisa tebur tun safe. Kai yana da nauyi. In an sunkuyar da shi awa da awa, wuya da kafaɗu ne suke ɗaukar kayan.

Barci. Hasken waya da dare yana ruɗin jiki, ya ɗauka gari bai yi duhu ba. Labaran da ake saurara a WhatsApp kuma suna tayar da hankali. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye.

Zuciya. Wanda ya ga maciji, gabansa yakan faɗi, zuciya ta buga da sauri, jini ya hau. In maciji ya wuce, jiki ya kwanta. Amma a dubi mai aika kuɗi ranar kasuwa. Mutane sun yi layi. Rezo ya ɗauke. Wannan yana faɗa, wancan yana cewa motarsa za ta tashi. Mai gida yana kira daga birni. Kuɗin hannunsa kuwa ba nasa ba ne. Wannan bawan Allah macijinsa ba ya wucewa, tun safe har dare.

Gajiyayye kuma shi ne mai kuskure. Sifiri ɗaya in ya ƙaru, 10 000 ta zama 100 000. Wa zai biya? Sau da yawa shi ne, daga albashinsa.

JIKI MAGAYI

Gajiyar kai ba ta zuwa ba sallama. Ga alamunta:

ciwon kai da yamma kusan kullum;
rashin barci, ko tashi da safe a gajiye;
saurin fushi da iyali da abokan ciniki;
mantuwa da yawan kuskure;
rashin son abinci;
jin kamar waya tana kira alhali shiru take.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta yi bayanin wata gajiya da damuwar aiki take kawowa in ta daɗe ba a magance ta ba. Ta ce alamunta uku ne. Na ɗaya, ƙarfin mutum ya ƙare. Na biyu, aikin ya fita daga ransa. Na uku, aikin ya daina kyau a hannunsa. Wanda ya kai nan ba rago ba ne. Kayan ne suka fi ƙarfinsa.

ABIN DA MASANA DA DOKA SUKA CE

A 2021 OMS da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da sakamakon wani babban bincike. Sun gwada masu aikin awa 55 ko fiye a mako da masu aikin awa 35 zuwa 40. Sun tarar masu dogon aiki sun fi sauran haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100. Sun kuma fi su haɗarin mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17 cikin 100. A lissafinsu, dogon aiki ya yi sanadin mutuwar mutum 745 000 a duniya cikin shekarar 2016 kaɗai.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta sa aikin ma'aikaci awa 40 a mako a wuraren da ba na noma ba. Ta kuma ba shi hutun awa 24 a jere kowane mako. A Faransa, tun ranar 1 ga Janairun 2017, doka ta tilasta wa manyan kamfanoni su zauna da ma'aikatansu, su tsara lokacin da ma'aikaci zai iya rufe waya bayan an tashi aiki.

Mai shagon kansa ba shi da mai gida, ba mai ba shi hutu. Sai ya zama mai gidan kansa, ya yanka wa kansa lokaci.

HUTU BA LALACI BA NE

Mutanen Damargu sun san wannan tun kaka da kakanni. Gona in ta gaji, akan bar ta saura, ta huta, ta dawo da ƙarfinta. Rijiya in ruwanta ya yi ƙasa, akan dakata da ja har ta tara. Raƙumin da ke jan wasaki, akan kwance shi a ɗaura wani. Ayarin da ke tasowa daga Agadas zuwa Kano ta Damargu yake bi, kuma madugu bai taɓa kai shi ba zango ba. Wanda ya san haƙƙin gona da na dabba, ya kamata ya san na jikinsa.

Ga dabaru takwas. Ba wadda take cin ko dala.

1. Bayan kowane minti 20 na kallon gilashi, a ɗaga kai. A dubi wani abu mai nisa, kamar taku 8 ko fiye, a ƙirga daga 1 zuwa 20. A ƙifta ido da gangan.

2. Kowace awa a tashi tsaye. A miƙe, a juya wuya a hankali, a ɗan taka, a sha ruwa.

3. A ɗaga na'ura ta zo kusa da daidai ido. Kada kai ne zai riƙa sauka wurinta.

4. Lokacin salla da lokacin abinci, a ajiye waya. Ga zango nan an riga an yanka, sai a kiyaye shi.

5. A sa lokacin buɗewa da na rufewa. A rubuta shi da manyan baƙaƙe a ƙofar shago, kowa ya gani.

6. Awa ɗaya kafin kwanciya, a rabu da waya. Kada ta kwana ƙarƙashin matashin kai.

7. A ware rana ɗaya a mako. A je gona, ko wurin dabbobi, ko zumunci. In aikin ba ya tsayawa, a koya wa wani, a riƙa karɓa-karɓa.

8. Kada a kori gajiya da ƙwaya. Tramol ba ya kawar da gajiya, rufe ta yake yi. Yana kama mutum, yana kawo farfaɗiya, yana kisa. Yawan shayi da dare ma yana hana barci.

In an yi waɗannan amma ciwon kai, ko faɗuwar gaba, ko rashin barci bai bari ba, a je gidan likita a auna jini. Wanda baƙin ciki ya rufe shi, kada ya ɓoye. Ya gaya wa wani babba da ya yarda da shi, ya kuma ga likita. Rigakafi ya fi magani.

MUTANEN GARI MA SUNA DA NASU RABO

Ma'aikaci ba ya hutawa sai jama'a sun bar shi. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar mai caji tsakar dare, ya ci haƙƙin barcinsa. Wanda ya zagi mai aika kuɗi don rezo ya ɗauke, ya zagi wanda ba shi da laifi. Rezo ba a hannunsa yake ba.

Iyaye masu ɗa a birni su ma su lura. In an kira shi bai ɗauka ba, ba lalle ne ya yi girman kai ba. Wataƙila yana barci, wataƙila aiki ya riƙe shi. Ya fi kyau a shirya da shi: rana kaza, bayan la'asar, za a yi magana. In ba rasuwa ko rashin lafiya ba, saƙo yana iya kwana. In kuma an same shi, kada maganar kuɗi ta riga gaisuwa. A tambaye shi lafiyarsa da barcinsa.

A kula da ƙananan yara kuma. A 2019 OMS ta ba da shawara: jariri kada a ba shi waya ya kalla. Ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana. In bai kai ba ma ya fi.

LISSAFI

Wani mai aika kuɗi yana buɗe shago da ƙarfe 7 na safe, ya rufe da ƙarfe 9 na dare. Salla da abinci suna cin awa 2. Ba ya hutu ko rana ɗaya.

a) Awa nawa yake aiki a rana?
b) Awa nawa yake aiki a mako?
c) Da awa nawa ya wuce 40? Da awa nawa ya wuce 55?
d) In ya rufe da ƙarfe 6 na yamma, ya kuma huta rana ɗaya, awa nawa suka rage masa a mako?

TAMBAYOYI DON MAHAWARA A CIBIYA

1. Waɗanne masu aikin na'ura ne ake da su a wannan gari?
2. Mene ne bambancin gajiyar manomi da ta mai aikin kwamfuta?
3. Me ya sa ake barin gona saura? Wane darasi ke cikin wannan?
4. Wane lokaci ne bai kamata a kira mutum a waya ba?

RUBUTU

Kowane ɗalibi ya rubuta wannan jimla sau uku a littafinsa: Lafiya uwar jiki. Sannan ya rubuta gajeren saƙo zuwa ga wani nasa da ke aiki nesa, ya gaya masa dabara ɗaya daga cikin takwas ɗin nan. A kawo saƙon ranar karatu mai zuwa, a karanta gaban malami.