Darasi: Sadakar da Ba a Ganin Amfaninta Nan Take

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sadaka iri biyu ce. Akwai wadda ake ganin amfaninta a ranar, kamar biya wa majinyaci kuɗin magani. Akwai wadda sai bayan shekaru take yin ƴaƴa, wataƙila mai ita yana kabari. Kuɗin da ake tarawa don binciken ciwon daji na yara yana cikin ta biyu.

Ga misali daga Amurka. A 1962 aka buɗe asibitin bincike na St. Jude a birnin Memfis. Wani ɗan wasan barkwanci mai suna Danny Thomas, ɗan asalin Labanan, shi ya zagaya yana roƙon gudummawa har aka gina shi. A lokacin, cikin yara 100 masu sankarar jini, wadda ta fi kama yara, kusan 4 kaɗai ke rayuwa. Likitoci suka yi shekaru suna gwada haɗa magunguna da yawa maimakon guda ɗaya, suna rubuta abin da ya yi da wanda bai yi ba. Yau fiye da 90 cikin 100 suna rayuwa a can, kuma ba a karɓar ko sisi daga iyayensu. Wanda ya ba da kuɗinsa a farkon tafiya bai san fuskar yaron da ya warke a bana ba.

Sai dai aiki bai ƙare ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da ciwon daji kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa ba a kai kashi 30 ba, saboda jinkirin gano cutar, da tsadar magani, da katse jinya a tsakiya. Don haka a 2018 Hukumar da asibitin nan suka ƙulla shirin kai adadin kashi 60 nan da 2030.

Abin lura ga murid a nan shi ne haƙuri da ikhlasi. Mai irin wannan kyauta ba ya jin godiyar kowa, ilimin da ta haifar kuwa yana ci gaba da amfanar ƴaƴan mutanen da bai sani ba. Wanda ke da hali ya bayar ta hannun amintattu, ya tambayi inda kuɗin ke zuwa.

Allah Ya ba yara marasa lafiya sauƙi, Ya ba iyayensu juriya. Amin.