Ɗan Koyo a Aikin Injiniyan Sadarwa: Abin da Yake Fara Koya da Haɗarin da Ke Gabansa

Injiniyan fili a harkar sadarwa shi ne ma'aikacin da ake turawa wurin da na'urori suke, gindin turken sabis ko bakin ramin waya, domin ya kafa su, ya duba lafiyarsu, ya kuma gyara su idan sun tsaya. Ɗan koyo shi ne matashin da ke bin sa a baya, yana riƙe jakar kayan aiki yana kallon hannunsa. Sana'ar ta bunƙasa a Najeriya tun shekarar 2001, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba da lasisin wayar salula, MTN da Econet suka fara aiki, Glo ya biyo baya a 2003. Masu koyo da yawa suna shigowa ne daga kwalejojin fasaha da jami'o'i ta shirin sanin makamar aiki na SIWES na hukumar ITF, wasu kuma ta cibiyar horaswa ta Digital Bridge da NCC ta kafa a 2004, wadda ke da reshe a Kano. A yau turaku da yawa na kamfanonin haya ne irin su IHS, don haka ɗan koyo yakan sami kansa a ƙarƙashin ɗan kwangilar da ke kula da su.

Matashi yakan zo da ɗokin hawa sama, amma karatun farko a ƙasa yake, wajen wuta. Na'urorin turke suna aiki da wuta mai ƙarfin volt 48, irin wadda batir ke bayarwa. Akwai na'urar da ke karɓar wutar gari ko ta janareta ta mayar da ita haka, tana ciyar da na'urori tana kuma cajin batura. A ƙasar da wutar gari ba ta da tabbas, sau da yawa idan mutane suka ce sabis ya ɗauke, eriya lafiyarta lau: man janareta ne ya ƙare, ko batura suka mutu, ko zafi ya kashe na'ura. Saboda haka ɗan koyo kan shafe watanni yana koyon karanta mita, canza baƙin mai, da share matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa cikin ƙanƙanin lokaci.

A nan ake samun kuskuren da ya fi yawa. Saboda volt 48 ba ya jan mutum kamar wutar gida, sabon shiga yakan raina shi. Alhali jerin baturan suna iya sakin wuta mai yawan gaske a lokaci guda. Sifana ta faɗa tsakanin kawunan batir, sai ta narke ta ƙone hannu da fuska. Shi ya sa ake cire zobe da agogon ƙarfe kafin a buɗe akwatin batir, ake kuma aiki da kayan da aka naɗe hannunsu da roba. Wayar da ke kai wuta ƙasa ita ma abin dubawa ce a kowace ziyara, domin ita ke kare na'urori daga tsawa a damina, kuma tagullarta na jan idon ɓarayi.

Bayan wuta sai wayar fayiba. Zare ne na gilashi da kaurinsa bai wuce na gashin kai sosai ba, maikiron 125, haske kuma yana bi ta tsakiyarsa a hanyar da ba ta wuce maikiron 9 ba. Ana gane zaren da launi goma sha biyu, daga shuɗi, ruwan lemo, kore, ruwan ƙasa, har zuwa ƙarshe, kuma dole ɗan koyo ya haddace jerin, domin haɗa shuɗi da kore na iya katse sabis na gari guda. Idan waya ta tsinke, na'urar OTDR kan harba haske ta faɗi nisan wurin da aka yanke. Sai a fere rigar zaren, a goge shi, a datse shi daidai, a saka a injin da ke narka bakin biyu ya haɗe su. Aiki ne na natsuwa, kuma ƙwayar ƙura ɗaya kan ɓata shi. Hasken da ke cikin wayar ido ba ya ganinsa, amma yana lahanta ido, don haka ba a leƙa bakin waya don a ga ko tana aiki. Gutsattsarin gilashin kuma ana tara su a gwangwani mai murfi, saboda idan suka shiga fata da wuya a gan su.

Hawa turke shi ne mataki na ƙarshe, kuma haka ya kamata ya kasance. A sama yawanci akwai eriya uku, kowace tana fuskantar kashi ɗaya cikin uku na kewaye, da faifai masu kallon wani turke daga nesa. Karkatar da eriya kaɗan na iya hana unguwa guda sabis. Mai hawa yana sanye da ɗamarar jiki mai ƙugiya biyu, kuma ba ya cire ɗaya sai ya maƙala ɗayar. Ba a hawa idan hadari ya haɗu ko iska ta taso, ba a hawa ba tare da abokin aiki a ƙasa ba, ba a kuma tsayawa gaban eriya sai an kira cibiyar kula da sabis an rage mata ƙarfi. A bazara ƙarfe kan yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, shi ya sa ake hawa da sassafe, musamman a watan azumi. Ƙudan zuma da rina sukan yi gida a turke, sai a duba tun daga ƙasa. Ubangidan da ya tura ɗan koyo sama babu ɗamara, don kawai aiki ya yi sauri, ya ci amanar iyayen yaron. Ɗan koyo yana da damar ya ce ba zai hau ba, kuma wannan ba rashin kunya ba ne.

Sauran aikin rubutu ne da mu'amala: sanar da cibiya kafin shiga da bayan fita, ɗaukar hoton abin da aka tarar, rubuta yawan mai, gaisawa da mai gadi da mai unguwa. Ko da mutanen gari suna kiransa injiniya, a doka sai wanda hukumar kula da aikin injiniya, COREN, ta yi wa rajista ke da wannan laƙabi.

Yawancin fitar dare da masu wannan aiki ke yi, hannun mutane ne ke jawo ta: katafila ta tsinke waya wajen aikin hanya, ko a sace batura da man janareta. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Mai haƙa tushen gini ko kwalbati da ya ci karo da bututun waya ko alamar gargaɗi, ya dakata ya nemi kamfanin da ke da ita kafin ya ci gaba. Wanda kuma ya ga baƙin fuska na kwance kaya a gindin turke, ya sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro.