Darasin Python a Waya: Jerin Sarƙa da Layi Biyun da Ke Ɓatar da Bayanai

A Kurugu, kamar sauran garuruwan Ƙaraye da Rogo, da wuya a rasa unguwar da ake adashe. A ɗauka wani matashi da ya fara koyon Python a wayarsa da manhajar Pydroid 3 yana son rubuta wa uwar adashe ɗan shirin da zai riƙe mata layin kwasa. Nan take zai gamu da matsala, domin layin adashe ba ya zama yadda aka tsara shi. Wata haihuwa ta zo mata, ta roƙi a matso da ita gaba. Wani ya yi tafiya ya fita. Wannan matsala ce ta haifi darasin yau, wato jerin sarƙa, wanda littattafan Turanci ke kira linked list.

Hanyar da mai koyo ya fara sani ita ce jeri mai lamba, kamar littafin uwar adashe: layi na 1, na 2, na 3. Daɗinsa shi ne idan ana neman mutum na 40, kai tsaye za a dira kansa. Wahalarsa tana wajen cusa sabo a tsakiya, don sai duk waɗanda ke ƙasa sun matsa layi guda. A mutum 12 wannan ba komai ba ne. A bayanai miliyan, aiki ne ja.

Jerin sarƙa ya bi ta wata hanya. Babu littafi. Kowane ɗan adashe yana riƙe da 'yar takarda mai sunan wanda zai kwasa bayansa. Uwar adashe na farko kaɗai ta sani, shi ake kira kai. Na ƙarshe kuwa takardarsa babu komai a kai. Kowane mutum da takardarsa shi ne zobe guda a sarƙar:

class Zobe:
    def __init__(self, suna):
        self.suna = suna
        self.mabiyi = None

kai = Zobe("tela")
kai.mabiyi = Zobe("mai waina")
kai.mabiyi.mabiyi = Zobe("mai shayi")

Don a ga layin gaba ɗaya, sai a fara daga kai, ana tambayar kowa wa ke binsa:

wuri = kai
while wuri is not None:
    print(wuri.suna)
    wuri = wuri.mabiyi

Yanzu mai cajin waya ya shigo, an yarda ya kwasa bayan tela. Ba wanda zai matsa. Takarda biyu kawai za a taɓa:

sabo = Zobe("mai caji")
sabo.mabiyi = kai.mabiyi
kai.mabiyi = sabo

A nan ne ya kamata mai koyo ya nutsu, domin nan ne ake yawan zamewa. Layi biyun ƙarshe ba a juya su. Da farko mai caji ya kwafi sunan da ke hannun tela, wato mai waina, sannan tela ya goge tasa takardar ya rubuta mai caji. Idan aka fara da gogewar, sunan mai waina ya tafi kafin kowa ya kwafe shi. Da mai caji ya leƙa takardar tela, sunansa zai gani, sai ya rubuta kansa a matsayin mabiyin kansa. Mai waina da mai shayi sun ɓace ke nan, da ma duk wanda ke bayansu ko mutum dubu ne, kuma Python zai share su daga ma'adana tunda babu mai nuna su.

Abin takaicin shi ne shirin ba zai nuna wani kuskure ba. Sai an zo duba layi allon waya ya cika da "mai caji, mai caji" babu tsayawa. Da a adashen gaske ne, mutum guda ne zai yi ta kwasa har abada, kuma ranar uwar adashe za ta sha tambaya.

Cire mutum ya fi sauƙi. Layin kai.mabiyi = kai.mabiyi.mabiyi ya isa ya tsallake wanda ke bin tela.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Allen Newell da Cliff Shaw da Herbert Simon ne suka gina ta a Amurka tsakanin 1955 da 1956 cikin harshen IPL, sannan John McCarthy ya ɗora harshen Lisp a kanta a 1958. Har yau tana cikin aljihun mai karatu. A Android akwai LruCache, wanda manhajoji ke amfani da shi wajen ajiye hotunan da aka gani kwanan nan, kuma sarƙa mai takarda biyu ce ke riƙe masa layi, kowane zobe ya san na gabansa da na bayansa. Idan wuri ya cika, wanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba shi ake jefarwa. Akwai kuma sarƙa mai zagaye, inda na ƙarshe ke nuna na farko, daidai da adashen da ke sake juyowa.

Sai dai a faɗi gaskiya, adashen mutum 12 ba ya buƙatar wannan duka. Jerin da Python ya zo da shi, wato list, jeri mai lamba ne a cikinsa, kuma sau da yawa ya fi sauri, saboda bayanansa suna jere a wuri guda, su kuwa zobba a warwatse suke cikin ma'adana. Neman na 40 a sarƙa kuma sai an ratsa 39. Dalilin da ya sa ake koyar da ita a sassan kimiyyar kwamfuta, irin na Jami'ar Bayero da ke Kano, shi ne ita ke koya wa ɗalibi yadda bayani ke nuna wani bayani. Wanda bai kama wannan ba zai sha wuya idan aka shiga darasin bishiyar bayanai.

Aikin gida: a yanki takardu huɗu, a rubuta sunaye, a gwada cusawa da cirewa da hannu kafin a buɗe Pydroid. Daga nan a rubuta shirin da zai cire mutum da sunansa, a gwada shi sau uku: a kan na tsakiya, a kan na ƙarshe, sannan a kan tela, wanda babu mai riƙe da sunansa sai uwar adashe.