Turmi da Gita

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Adar ya san yadda makaɗi yake aiki. Kalangu yana tafe da amonsa na kullum. Sai wani babban baƙo ya shigo fili. Nan take mawaƙi ya saƙa sunansa cikin waƙa, ya ƙaro kirarin da bai shirya ba tun daga gida. Amon na gado ne, amma maganar ta yanzu ce. Wannan shi ake kira ƙirƙira nan take.

Yau wasu ƴaƴan jihar Tawa suna yin haka da kayan kiɗa na zamani. Bari mu dubi biyu daga cikinsu.

Na farko shi ne Mahamadu Sulaiman, wanda duniya ta sani da suna Mdou Moctar. Ba'abzine ne. Iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba. Da hannunsa ya haɗa gitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke. Da hagu yake kaɗawa. A 2008 ya tafi Sakkwato, aka ɗauki waƙoƙinsa na farko. Daga salula zuwa salula suka bazu, har suka ƙetare hamada. A 2021 ya fito da faifan da ake kira Afrique Victime, wanda aka saurara ƙwarai a Amurka da Turai.

Mine ne sirrin kiɗansa? Ƙarƙashin ƙarar gita akwai amon takamba, wanda tun da ake yi da molo da ƙwarya. Masu ganga suna riƙe amon, ba su saki. Shi kuwa sai ya bar yatsunsa su yi yawo bisa tsirkiya, ya yi nisa, sa'an nan ya komo gida. Shi ya sa waƙa guda ba ta fita iri ɗaya sau biyu.

Ta biyu ita ce Fatu Saidi Gali, ƴar ƙauyen Iligadad, a yankin Abalak. A can mata suna da kiɗansu, sunansa tande. Turmin daka ake samu, a ɗaure masa fatar akuya a baki, a riƙa jiƙa ta da ruwa. A gefe ana kife ƙwarya cikin ruwa ana bugawa. Mace guda tana bada waƙa, sauran suna amshi da taɓi. Gita kuwa, aikin maza ake ɗaukar ta. Fatu ta koya da gitar wanta. A 2016 aka fitar da faifanta na farko. A 2017 ita da ƴan uwanta suka fitar da faifan Eghass Malan, inda turmi da gita suke tafiya tare. Sun yi wasa a Turai, sun yi a Amurka, kuma tande na cikin kiɗan da suka kai can.

Wasu dattawa suna cewa wanga kiɗa ɓata al'ada ne. Tsoronsu yana da dalili. In yaro ya ɗauki gita bai san amon kakanninsa ba, kwaikwayon baƙi kawai zai yi. In kuma ba wanda ya koyi goge da gurmi da molo, ranar da tsofaffin makaɗa suka kau, kiɗan ya bi su. Amma dubi waɗannan biyu. Abin da ya sa duniya ta saurare su shi ne abin da suka ɗauko daga gida. Masu gita sun yi yawa a duniya, amma masu tande kaɗan ne. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka in ɗanka ko ɗiyarka na son kiɗan zamani, ka fara kai shi ya zauna kusa da tsohon makaɗin garinku.

Tambayoyi
1. Da mi Mdou Moctar ya haɗa gitarsa ta farko?
2. Yaya ake shirya tande?
3. Waɗanne kayan kiɗa ne suka rage a garinku? Wa ke koyon su? Rubuta sunayen kayan a littafinka.