Walimar Hantsi ta Gama Makarantar Sakandare

Yaro ya kan yi shekara 6 a firamare, sa'an nan ya yi shekara 6 a sakandare, 3 a ƙarama, 3 a babba. Shekara 12 ke nan. Duk wanda ɗansa ko 'yarsa ta kai ƙarshen wannan doguwar tafiya ya san abin da ya kashe. Ga kuɗin littattafai, ga na riguna, ga na jarrabawa, ga kuma aikin gona da yaron bai taya shi ba. Sabo da haka in ya ce zai tara mutane a yi murna, ba mai ganin laifinsa. A darasin yau za mu duba yadda a ke shirya irin wannan walima, baƙi su ci su ƙoshi, mai gida kuwa ya kwana ba bashi a kansa.

Bari mu fara duba yadda mutanen Amurka su ke yi, don su wannan biki babbar al'ada ce gare su. Su ma aji 12 yaransu ke yi kafin jami'a, amma 4 na ƙarshe su ne babbar makaranta. Yaro ya kan gama yana da shekara 18 ko kusa da haka. A ƙarshen watan Mayu ko cikin Yuni a ke yaye su. Ko wane ɗalibi ya sa doguwar riga, da hula mai faɗi a sama mai kusurwa huɗu, da tuntu yana lilo. A kira sunansa, ya je ya karɓi takardar shaida. Bayan wannan sai iyaye su yi tasu walimar a gida.

Da yawa daga cikinsu da hantsi su ke yin ta. Suna da wani abinci da a ke ci tsakanin karin kumallo da abincin rana, har sun yi masa suna, suka ɗauki rabin sunan wannan suka haɗa da rabin sunan wancan. Wani marubuci a Ingila, Guy Beringer, shi ya yi rubutu a kansa a shekarar 1895, yana ba da shawara a riƙa cinsa ran Lahadi wajen tsakar rana. Daga baya, wajen shekarun 1930, abin ya yi ƙarfi a Amurka. Abin da a kan ajiye shi ne ƙwai, da burodi, da wata irin waina ta garin alkama, da 'ya'yan itace, da kofi, da ruwan lemo. A jera su bisa dogon tebur, kowa ya ɗebi abin da zai ci da kansa. A kan aika da katin gayyata tun da sauran makonni, a rubuta lokacin farawa da na tashi, a kuma roƙi wanda aka gayyata ya faɗi ko zai zo. Baƙi kan zo da kati da 'yan kuɗi a ciki, gudummawa ga yaron don karatun gaba.

Ba mu ce ku kwaikwayi hularsu ko teburinsu ba. Abu biyu mu ke so ku lura da su. Sun zaɓi lokacin da abinci ba ya da tsada, don ƙwai da burodi ba su kai nama kuɗi ba. Sun kuma san yawan masu zuwa tun ba a hura wuta ba. Mu ma walimar safe ba baƙuwa ba ce gare mu. Ai da safe mu ke taron suna.

To, mu komo gida. Wane wata ne yaranmu ke gama sakandare? Wajen Yuli ne, bayan sun zauna jarrabawar WAEC da ta NECO. Ku manoma kun fi kowa sanin halin wannan wata. Damina ta yi tsaka, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, ga kuɗin taki, ga noma bai ƙare ba. Watau dai murnar ta kan faɗo a lokacin da hannun mai gida ya fi bushewa. Nan ne waɗansu ke kuskure. Mutum ya ga maƙwabcinsa ya yanka rago, sai shi ma ya ci bashi a kan amfanin da ke gona tun bai nuna ba. In kaka ta yi, mai bashi ya zo ya kwashe hatsin da araha. Abin har ya kai ga hukuma. A shekarar 2025 Gwamnatin Jihar Imo ta hana makarantu yin bikin yaye 'yan ajin reno da 'yan aji 3 na ƙaramar sakandare, don a rage wa iyaye kashe kuɗi.

Kuma ku tuna gama sakandare ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Sakamakon WAEC ya kan fito wajen watan Agusta, na NECO ya biyo baya. Jami'a tana neman kiredit a darussa 5, har da Turanci. Wanda ya samu, kuma ya ci jarrabawar JAMB, watau hukumar da aka kafa a 1978 don ɗaukar ɗalibai a manyan makarantu, zai bukaci kuɗin rajista da na mota da na abinci. Wanda bai samu ba zai sake biyan kuɗin jarrabawa. Wanda zai koyi sana'a zai bukaci kayan aiki, ko keken ɗinki ne, ko zarto da guduma. A ganinmu, wanda ba shi da hali a Yuli ya haƙura sai kaka, sa'ad da hatsi ya shigo gida, sakamako kuma ya fito. Ba abin kunya ba ne. Murnar ma ta fi daɗi in takardar tana hannu.

Lissafi kafin girki

Ku ɗauko takarda da fensir. Abu na fari da za a rubuta shi ne kuɗin da ke hannu, ban da wanda a ke sa ran samu. A ce mutum ya tara Naira 90,000. Ya je wurin shugaban makaranta ya tambayi abin da yaron zai bukata nan gaba, aka lissafa masa ya kai Naira 60,000. To, wannan ba a taɓa shi. A debe 60,000 daga 90,000, saura 30,000. Wannan shi ne kuɗin walima, ko da kuwa zuciya tana son abin da ya fi haka. Daidai ruwa, daidai tsaki. Waɗannan kuɗi misali ne kawai, kowa ya sa nasa.

Sa'an nan a rubuta sunayen waɗanda za a kira. Mai gida ya faɗi nasa, uwar gida ta faɗi nata, yaron ma a bar shi ya faɗi abokansa. Kada a manta da malamansa, har na firamare waɗanda suka fara koya masa baƙi da wasali. A ce sunaye sun kai 48. Kun dai san halin garinmu, wanda aka kira ya kan zo da ƙanensa, ga yaran unguwa, ga almajirai, ba kuwa a korar kowa. Sabo da haka a ƙara rubu'in adadin. Rubu'in 48 shi ne 12. A haɗa 48 da 12, ya zama 60. Abincin mutum 60 za a dafa.

Yaya za a san yawan hatsin? Mudu ya bambanta daga gari zuwa gari, don haka ba za mu ba ku adadi ba. Ku tambayi uwar gida, ita ce ta san mutum nawa mudu ɗaya ke ciyarwa a gidanku. In ta ce mutum 10, to, a raba 60 gida 10, mudu 6 ke nan.

Ga wani lissafin da mutane ba su cika yi ba, shi ne na lokaci. A ce ko wane baƙo zai ci waina 5. Mutum 60 sau 5, waina 300. In tandar tana da gurbi 10, sai an zuba ƙullu sau 30. In ko wane zubi yana ɗaukar minti 4, to, 30 sau 4 minti 120 ne, watau awa 2 cur mace ɗaya tana gaban wuta. In an ce baƙi su zo ƙarfe 10, sai a fara suya kafin ƙarfe 8, ko kuwa a aro tanda ta biyu. Rashin wannan ɗan lissafi shi ke sa baƙi su zauna suna hamma, mata kuwa suna can ciki suna faɗa da juna.

Abincin hantsi muna da shi iri iri, kuma yawancinsa daga gonarmu ya ke fitowa. Akwai koko da ƙosai, akwai kunun gyaɗa, akwai waina da miyar taushe, akwai funkaso, akwai fura da nono. Iri biyu sun isa, ɗaya na sha, ɗaya na ci. Wanda ke da hali ya yanka kaji a sa a miya. Wanda ya ce a zo da rana ko da dare, shi ne mutane za su sa ran shinkafa da tsokar nama a gabansu. Wanda ya ce a zo da hantsi, ba mai tambayarsa ina rago.

Amma wannan abinci yana son a fara shi da wuri. Geron koko sai an jiƙa shi, a kai markaɗe, a tace, a bar gasarar ta kwanta. Shinkafar waina ma a jiƙa, a markaɗa, a sa yis, a bar ƙullun ya kwana ya tashi. Wake kuwa a surfe shi tun jiya, amma markaɗensa sai da safe, don ƙullun ƙosai ba ya son jira. A yi magana da mai inji tun da wuri. Itace kuma a tara shi a rumfa tun da sauran mako guda, don ɗanyen itacen damina hayaƙi kawai ya ke yi.

Wace rana ta fi? Da damina hantsi lokacin gona ne, ba mai barin nomansa ran Talata ya zo cin waina. A kauce wa ranar kasuwa kuma. Mu dai mun fi son Jumma'a, daga ƙarfe 10 zuwa 12, don da yawa ba su zuwa gona mai nisa ran nan, kuma shirin masallaci shi zai tashi taron ba sai mai gida ya sallami kowa ba. Inda jama'a Kirista ne, Lahadi bayan an taso daga coci ta yi daidai. Ga shi kuma sau da yawa hadari da yamma ya ke tasowa, taron safe ya kan tsira.

Maganar tsabta ba ta da tsawo, amma kada a yi wasa da ita, don damina lokacin amai da gudawa ne. Ruwan sha da na dama fura a tafasa shi in ba a amince da rijiyar ba. A rufe ko wane kwano da faifai sabo da ƙuda. A ajiye buta da sabulu a ƙofar zaure, yaro guda ya riƙa zuba wa mutane ruwa, kada kowa ya tsoma hannu cikin daro ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba. Abin da ya ragu a raba wa maƙwabta nan da nan.

Yanzu ga yadda a ke rubuta takardar gayyata. Ba sai an buga kati ba, fallen takarda ya isa. Yaron da ya gama makaranta shi zai taya ku kwafa.

Zuwa ga Malam ..........
Bayan gaisuwa mai yawa, ina gayyatarka walimar ɗana .......... wanda ya gama makarantar sakandare. Za a yi ta a gidana, ran Jumma'a, .......... ga watan .........., daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 12. In ba za ka sami zuwa ba, don Allah ka aiko mini.
Ni ne naka, ..........

In 'ya mace ce, sai a rubuta "'yata" da "wadda ta gama". Walimarta kuwa a yi ta daidai da ta ɗan'uwanta namiji, shekara 12 ɗin ɗaya ce.

Ran walima a shimfiɗa wa maza tabarmi a zaure ko a rumfa, mata a cikin gida. In an hallara, dattijo ya yi addu'a, malamin yaron ya yi 'yar magana. Sa'an nan yaron ya tashi ya gode wa iyayensa da malamansa, kada a bar shi yana ta ɗaukar kwanuka har a watse ba a gan shi ba. A sa mutum guda amintacce ya riƙe littafi, ya rubuta sunan duk wanda ya ba da gudummawa da abin da ya bayar. Da wannan littafi za ku san wanda za ku rama wa in tasa ta taso. Kuɗin kuwa a haɗa su da wancan da aka ware wa yaron.

Aikin aji

1. Mutum ya rubuta sunaye 36. In ya ƙara rubu'i, abincin mutum nawa zai dafa?
2. Tanda mai gurbi 12, sau nawa za a zuba ƙullu a sami waina 240?
3. Don me hatsi ke tsada a watan Yuli?
4. Kowa ya kwafi takardar gayyata a littafinsa, ya cika wuraren da aka bari, ya kawo wa malami ran zama mai zuwa.